Lakar da na kai ma Madam

Shekarun da zan ba ku labarinsu sun yi nisa ƙwarai, don lokacin Nasara bai tafi ba, ko da yake ya fara ɗaure kaya. Ni kuma shekarata ɗaya a ɗakin miji, da cikin fari wata huɗu. Daga Jiratawa aka kawo ni Maraɗi. Mahaifiyata maginiyar tukwane ce, abin da na sani a duniya ke nan: haƙar yumɓu, kwaɓi, gashi, da ɗaukar randa bisa kai zuwa kasuwa.

Mijina kuku ne a gidan wani Nasara mai sayen gyaɗa, can bisa tudu. An ba mu ɗaki ɗaya bayan madafa. Ni ba a ɗauke ni aiki ba, amma in wanki ya yi yawa nakan kama, in share baranda. Ta haka wata rana aka ce in shiga falon Madam, matar Nasaran, in share.

Ina shiga na gan shi bisa tebur, gab da taga. Akwati ne na gilashi, da ƙarfe a kusurwoyi, cike da ruwa. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci kafin in san santimita, lokacin kamu da taƙi muka sani: tsawonsa kamu ɗaya da rabi, faɗinsa taƙi ɗaya da ƴan yatsu, zurfinsa taƙi biyu. An shimfiɗa farin yashi a ƙasa, ga wata ƴar ciyawa, ga jajayen kifi uku, kowane bai wuce yatsana ba.

Ku ƴaƴan yanzu ba za ku gane ba, kun gama ganin komi a telebijin. Ni kifi iri biyu na sani: matacce bisa faifai, ko baƙar inuwa da ke giftawa in ka leƙa tabki daga bisa. Ban taɓa tsammanin ana iya yanko ruwa kamar sabulu a aje shi tsaye, mutum ya tsaya gefe ya ga cikinsa ba. Ga kifi shina tafiya a tsakiyar ba komi, ba ya taka ƙasa, ba ya faɗuwa. Shina buɗe baki shina rufewa. Ɗaya ya zo daidai hancina ya tsaya, ya zuba mini ido. Wallahi sai da na ja baya. Haka Madam ta shigo ta iske ni, tsintsiya a hannu, baki buɗe, ban share ko taƙi ɗaya ba. Ta yi dariya ta wuce.

Da na koma madafa na ce ma mijina, "Maigida, yaushe za su girma a ci?"

Ya ce, "Ba ci ake ba. Kallo ake."

"Kallo kawai? Kuma ana ba su abinci?"

"Sau biyu a yini. Ke ma sau nawa kike samu?"

Ya ce ɗiyar Madam ce ta zaɓa mata su kafin a baro ta can ƙasarsu wajen karatu. A kwalba aka riƙo su, jirgi da mota, har Maraɗi. Shi ya sa ko maigidan bai isa ya taɓa akwatin ba.

To, bazara ta shigo, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Rana tana faɗowa ta taga bisa akwatin tun hantsi. Ɗaya ya juya ciki sama. Bayan kwana huɗu na biyu ya bi shi. Madam ta yi kuka, ta binne su gindin wani fure. Ni da na ga ana ma kifi jana'iza na ce lalle mutanen nan daban Allah ya yi su.

Saura ɗaya, shina zagaye shi kaɗai. Madam tana jin Hausa ƴar kaɗan, irin ta ba da umurni. Ta kira mijina ta ce ya samo mata kifi mai rai daga gulbinmu, ya zauna da nata. Ta nuna mishi yatsanta, ta ce ƙarami. Wannan kam ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba.

Gulbi ya ƙafe, sai wani gurbi mai zurfi wajen Tsibiri da ba ya ƙafewa, kuma kawun mijina shina cikin masuntan wurin. Ran Lahadi ya ɗauki tulu ya tafi. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Ya gaida kawu, ya faɗi saƙo, ya nuna yatsa.

Kawu ya ce, "Matar Nasara ta aiko Tsibiri neman kifi, in aika mata wanda muke watsa ma kaji? A ce garin ga duka ba a samu abin kirki ba? Kai in ba ka da kunya, ni ina da ita."

"Kawu, akwatin ƙarami ne."

"In ƙarami na, ta sake babba. Rasawa ta yi?"

Wa zai yi gardama da kawunsa a gaban mutane? Kawu ya shiga ruwa da kansa, ya zaɓo tarwaɗa baƙa wuluk, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu har da ɗori, ga gashin baki kamar na gardin kumandan, dogarin Nasara. Ya ce a gaida Madam, a ce inji shi.

Kafin mijina ya iso Maraɗi ya riga ya yarda kawu na da gaskiya. Kuma kada ku ce na fi shi wayo. Da na leƙa tulun cewa na yi, "Kai! Yau Madam za ta san ana ganin girmanta." A wurinmu in babba ya nemi abu, mafi girma ake kai mishi. Ko ya ce kaɗan, ka san kara ce kawai.

Da safe Madam ta fita. Muka ce bari mu zuba kafin ta dawo, ta iske abin mamaki. Ni na riƙe gindin tulun, shi ya karkata baki.

Tarwaɗa ta faɗa tim. Hancinta ya daki bango ɗaya, ta nemi juyawa, ba wurin juyi. Sai ta fara bugu. Ruwa ya watsu bisa tebur, bisa littattafai, bisa mu. Yashi ya tashi, ciyawa ta tuge, ruwan nan mai haske ya koma kamar kunu. Muka tsaya muna salati. Da ta gaji ta kwanta, ruwa ya ɗan lafa, muka duba. Ba jan kifi. Muka duba ƙarƙashin tebur, muka ɗaga kujera, har tabarmar falo muka naɗe. Tarwaɗa tana kwance abinta tana motsa gashin baki, kamar wadda ta dawo daga walima.

Madam ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tsaya ta kalli akwatin, ta kalli mijina, ta ce, "Ina nawa?" Mijina ya ɗaga hannu a hankali ya nuna cikin tarwaɗa. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da Nasaran ya dawo cin abincin rana ya ce mijina ya ƙarasa wannan wata ya nemi gabansa. Sati uku da ƴan kwanaki suka rage.

Tarwaɗar kuwa mun ci ta, ba zan ɓoye muku ba. Da nake gyara ta na ga ɗan ja a ciki. Sai na zuba barkono. Ina jin duk Jiratawa ni ce mace ta farko da ta ci kifin da ya ci kifin Faransa.

Amma abin ba na dariya ba ne. Nasarun Maraɗi ƴan kaɗan ne, tare suke shan abin shansu, kafin kwana biyu duk sun ji. Ba wanda zai ɗauki kukun da ya ciyar da tarwaɗa da kifin Madam. Mijina ya ce ba zai zauna ana nuna shi a kasuwa ba, wata na ƙarewa zai hau kamyo, babbar motar gyaɗa, ya yi Kano, daga nan Ikko. Ni in koma gidanmu in haihu, in ya samu wuri ya aiko. Haka wansa ya faɗa ma tashi matar shekara shida kafin nan, kuma ko wasiƙa ba a gani ba. Na san in ya hau motar nan, abin da ke cikina ba zai san fuskar ubansa ba.

Da asuba na kama hanyar Jiratawa a ƙasa. Na iske mahaifiyata tana kwaɓi. Na ba ta labari ina kuka, ita kuma tana dariya har da riƙe ciki.

"Tarwaɗa! A akwati! Ke ma kina tsaye?"

"Ni na riƙe tulun, Inna."

"Na ga alama."

Da ta gama ta share hawaye da bayan hannu, ta ce in zana mata girman akwatin a ƙasa. Na zana. Ta tambayi inda aka aje shi, na ce gab da taga. Ta ce, "Ko randa ba a aje ta ga rana, balle mai rai. Dafa su ta yi da hannunta." Sannan ta ɗora ɗan yatsanta a tsakiyar zanen. "Abin da ya wuce wannan ba ya zama a nan. Kuma ba da yawa ba. In zan gina tukunya sai na san abin da za a dafa ciki. Ita ta riga ta gina, to sai a nemo abin da tukunyar za ta ɗauka."

"Ina zan same shi, Inna? Duk tabkuna sun ƙafe."

Ta murza yumɓu a yatsa. Can ta ce in ɗauko ƙwarya in biyo ta.

Akwai wani ƙwari bayan gari inda ruwa ke kwanciya da damina, ba abin da ya haɗa shi da gulbi. Amma duk shekara in ya cika sai ka ga ƴan mitsi-mitsin kifi suna gilmawa. Mutane cewa suke daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Kakata, wadda ta haifi Inna, Anna ce, ba ta salla, ita ta ce a'a, cikin ƙasa suke barci. Shi ya sa maginan gidanmu in za su haƙi yumɓu a wurin sai sun kwashe ɓawon sama sun aje gefe, don da masu shi. Inna ta ce tana yarinya ta yi gaggawa ta haɗa da ɓawon ta jiƙa a kwatarniya. Kwana ɗaya ta buɗe ta ga abu na motsi. Tsoro ya kama ta, ba ta sake ba, kuma ba ta faɗa ma kowa ba sai ni ran nan.

Muka iske wurin ƙaf, ƙasa ta tsage gida-gida, zafinta na cin tafin ƙafa. Inna ta kwance bakin zane ta watsa ɗan hatsi a gefe, ta ce, "Aro muka zo, za mu maido."

Na ce, "Inna, ba ki tsoron Allah?"

"Tsuntsaye ma bayinsa ne, su ci. Ke dai riƙe ƙwarya."

Ta nufi inda ya fi zurfi, inda ruwa ke ƙarewa, ta riƙa ɓamɓaro ɓawon laka da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, har ƙwarya ta cika. Ta ce a janye akwatin daga taga. A shimfiɗa lakar a ƙasa. Ruwa kuma ba na rijiyar tudu ba, in tona yashin gulbi in ɗebo, ya kwana a randa ya yi sanyi. A lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Kada a motsa, kada a jefa burodi.

Gaskiya ban yarda ba. Na ɗauka ne don ba ni da wani abin ɗauka.

Mijina ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Kin haukace? Na kai mata kifi an kore ni, ke ki kai mata laka a ɗaure mu?"

Na ce, "Ka riga ka ɗaure kayanka, mi ya rage maka?"

Na iske Madam a baranda, akwatin na gefe an wanke shi, wayam. Na durƙusa na aje ƙwarya.

"Mi ne ne?"

"Kifi ne, Madam."

Ta duba ƙwarya, ta dube ni, ta dubi cikina. Ina jin ta ɗauka ciki ne ya taɓa mini kai. Ta ce, "Laka."

"Shina ciki. Barci shike."

Ta ɗaga kafaɗa ta faɗi wani abu da yarensu. Daga baya mijina ya ce cewa ta yi a ƙyale ni, ba sauran abin kashewa.

Na yi duk yadda Inna ta ce. Ruwa ya yi jawur da laka. Na zauna gabansa yini guda, ba komi, mijina na wucewa da faranti shina tsaki. Washegari da hantsi na ɗaga zanen. Laka ta kwanta, ruwa ya washe. Na duba, ba komi. Har zan saki zanen sai na ga wani abu kamar gashin ido, da ɗigo biyu baƙaƙe a kai, ya zabura ya tsaya. Na ce idona ne. Sai ga wani. Sai ga wani can gefe.

Jama'a, ku duba fa. Lakar nan ni na ɗauko ta bisa kaina, busasshiya, tana marmashewa a hannu, wata bakwai rabonta da ɗigon ruwa. In ka sa ƙwai bisanta da rana sai ya dahu. Ga shi ta yi ido biyu tana yawo.

Na kira mijina, ya zo da ludayi a hannu, ludayin ya faɗi. Madam ta ji ƙara ta fito. Ta koma da gudu ta ɗauko madubin da mijinta ke duban ƙwayar gyaɗa da shi, ta kara a gilashin. Ta fara ƙirga da yarensu, ta ɓata, ta sake, ta ɓata. Sai ta taɓa goshi da ƙirji irin yadda suke yi a addininsu. Ni kuma ina ta salati. Kowa ya kira wanda ya sani.

Nasaran ya dawo ya leƙa, ya ce tsutsa ce, maganarsa ta korar mijina na nan.

Kwanakin fari abin da ke cikin lakar suka ci. Da suka ɗan tasa na fara kawo musu tsutsar sauro daga gindin randunan maƙwabta. Ku tuna matar nan cikin gidan sauro take kwana, kullum da ƙwayar maganin zazzaɓi a baki. Ran da ta gane abin da ke cikin ƙoƙona ta yi tsalle kamar ta ga maciji. Na zuba ɗaya. Wani ɗan mitsitsi ya zaburo ya haɗiye abin da ya kusa kai shi girma. Daga ran nan ita ke amsar ƙoƙon ta zuba da kanta.

Girmansu kuwa kamar ana hura su. Yau gashin ido, jibi tsinken ashana, sati biyu sun kai gaɓar yatsa. Amma ba kyau, toka-toka, a lungu mai duhu ƙarƙashin zane. Maganar aiki shiru. Mijina har ya yi magana da direban kamyo.

A sati na uku abu ya fara lalacewa. Sun fi talatin a akwatin nan. Ruwa ya soma wari, na tsinci biyu sun juya ciki, wasu wutsiya a yage. Madam ta daina zuba musu abinci da kanta, ta koma zama baranda. Na aika ma Inna ta bakin mata masu kawo tukwane.

Ta zo ranar kasuwa, saura kwana biyu wata ya ƙare, da wata faffaɗar kwatarniya bisa kai. Ba ta taɓa shiga gidan Nasara ba, tun daga bakin titi ta tuɓe takalmi. Ga kuma matsala: ba mai fassara sai mijina, shi kuma Inna surukarsa ce, bai isa ya tsaya gabanta ido da ido ba. Ya je bayan ƙofar falo ya tsuguna, daga nan muryarsa ke fitowa.

Madam ta ce, "Kuku, zo nan!"

"Ina nan, Madam."

"Nan!"

"Ina ji daga nan, Madam."

Sai da na nuna Inna, na nuna kaina, na rufe fuska da hannu, sannan ta gane kunya ce, ta ƙyale shi.

Inna ta yaye zanen ta ce ba ta gani, a buɗe taga. Madam ta tura katakon taga, haske ya faɗo bisa akwatin.

Wani babba cikinsu ya taso daga laka ya zo gaban gilashi, ya juya gefe, ya buɗe fiffikensa duka. Shuɗi ne mai ɗaukar ido, irin na rinin da ya sha bugu, in ya motsa ya koma kore. Jikinsa duk ɗigo-ɗigo ja kamar an yayyafa da tsinke. Bakin fiffiken da na wutsiya an bi su da ruwan ɗorawa, an kuma ja jan zare a kai, ɗinkin da ba maɗinkin da zai iya. Duka-duka bai kai ɗan yatsana ba. Sai wani ya taso irinsa, su biyu suka buɗe ma juna. Sati uku ina ba su abinci a duhu ban san wannan na zuwa ba.

Inna ta zame ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, hannu bisa baki. Can ta ce, a hankali, "Shekara arba'in ina taka su. Daga bisa baƙaƙe ne. Ashe haka ya yi musu ado, a ƙwarin da ba mai gani."

Madam ba ta nemi fassara ba. Ta tattara riga ta zauna ƙasa kusa da ita. Matar Nasara, a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da maginiyar Jiratawa. Mun daɗe haka, ba mai motsi sai kifi.

Inna ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce, "Sun yi yawa. Kuma masu adon nan zakaru ne, dubi yadda wancan ya yage ma wannan wutsiya. Gaya mata ɗaya za a bari, da marasa adon nan, mata, huɗu. Sauran su koma kwatarniya."

Murya ta fito daga bayan ƙofa da Faransanci. Madam ta girgiza kai, tana nuna wannan, tana nuna wancan.

"Inna, ta ce masu kyan take so duka, a fid da munanan."

"Gaya mata in ta bar su duka, jibi ta sake haƙa gindin fure. Akwatinta na biyar ne. In tana son talatin ta je ta gina tabki."

"Inna, in faɗa haka?"

"Da na ce ka rage?"

Ban san yadda ya juya ta ba, amma Madam ta miƙa ma Inna ludayi da hannunta. Inna ta kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa kwatarniya, ta sa na rage ruwan rabi na ƙara sabo. Ta ce a gaya mata aro ne, in ruwa ya sauka na kwatarniya za su koma gida. Na akwatin kuma ba su ganin baɗi, damina ɗaya ce rayuwarsu. In sun mutu kada ta yi kuka, kada ta zubar da lakar, ta shanya ta ta aje, ƴaƴansu na barci a ciki.

Biyar ɗin nan suka samu fili, sai ga mai adon shina yawo daga bango zuwa bango, shina juyi yadda ya ga dama. Madam ta tashi ta kakkaɓe riga, ta taka har bakin ƙofa, ta leƙa mijina a tsugune.

"Kuku. Kai tafi, wa kawo sauro?"

Ku ji mutumin nan. Ya ce, "Ai matata ce ke kawowa, Madam."

Saura kaɗan in jefe shi da ludayi.

Madam ta dube ni, ta dube shi. "Kai tafi, mata tafi?"

"I, Madam."

"To zauna."

Shi ke nan. Yadda ta ƙare da mijinta ban sani ba, amma wata ya ƙare, kamyo ya tafi Kano ba da shi ba. Da na raka Inna bakin titi tana sa takalmi ta ce, "Mijinki na da gaskiya. Wayo ne sai ki riƙa ara mishi."

Ruwa na sauka na ɗauki kwatarniya har ƙwarin nan na juye. A ɗakin bayan madafa na haihu, uban yaro na tsaye aka raɗa suna. Kifin akwati suka mutu bayan kaka kamar yadda aka faɗa, Madam ta shanya lakar. Da za su koma ƙasarsu na gan ta ta zuba ta a gwangwanin biskit ta sa cikin kayan sawarta. Ko ta farka can, ban sani ba.

Yanzu ina ganin akwatunan nan a falon mutane nan Zariya inda tsufa ya kawo ni, da fitila da injin kumfa, an cusa kifi kamar fasinjan tasha, ana mamakin suna mutuwa. In za ku saya ku auna akwatin tukuna, ku tambayi girman da kifin zai kai, da abin da shike haɗiya, da ko shina zama da ɗan'uwansa. Mu da muka zaɓi babba don girmamawa kun ji yadda muka ƙare.

Amma ba wannan ne ya zauna mini a rai ba. Na binne Inna, na binne mijin nan nawa da tsufansa, na binne ƴaƴa biyu. In malamai na wa'azin tashin matattu suna ta kawo misali don mutane su gane, ni ba na bukata. In na bi ta gefen maƙabarta da bazara na ga ƙasa ta bushe ta tsage, ba na jin wurin wofi ne, har sassauta taku nake. Ni na ɗauki busasshiyar ƙasa bisa kaina tun daga Jiratawa, na zuba mata ruwa da hannuna, ta buɗe ido ta kalle ni.